Abin da Inna Hansatu Ta Gani

Jikata ta kai ni ɗakin gwajin ƙwaƙwalwa a asibitin da take aiki, wai in ga ci gaba. Na gani. Ɗaki ne mai sanyi kamar gindin randa, ga kwamfuta a kan tebur, ga wata hula mai wayoyi da ake kifa wa mutum a ka. Wani abokin aikinta mai ɗan tsigin gemu ya ce da ni, "Baba, ai yanzu aikin nan ba wuya. Ka sa hula, ka danna nan, na'ura ta faɗa maka ko akwai farfaɗiya ko babu." Na ce masa madalla. Ban ƙara ba, don ni baƙo ne, kuma sun ba ni shayi. Amma maganar ta tsaya mini a wuya har gida, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku.

Sunana Bulus. Daga wani ƙauye a kudancin ƙasar Bauchi na fito, na yi makarantar mishan, na shigo birni tun Turawa na mulki. A asibiti na samu aiki: wankin gyambo, ɗaurin bandeji, ɗaukar wanda ba ya iya tafiya. Da aka ga ina jin Turanci kuma Hausa ta zauna a bakina, sai aka ƙara mini da aikin tafinta. Likitanmu wani Bature ne da mutanen gari ke kira Dogon Likita. Shi zai yi tambaya, ni in juya, marar lafiya ya amsa, in sake juyawa.

Masu farfaɗiya a wancan zamani ba don farfaɗiya suke zuwa mana ba, don ƙuna suke zuwa. Na tuna wata mata da aka kawo daga unguwar Ɗan Iya, hannunta na dama ya toye tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ta ce tuntuɓe ta yi a bakin murhu. To, wane mai tuntuɓe ne zai bar hannunsa cikin garwashi har ya dahu? Ciwon ne ya kada ta, matan gidan kuma suka watse, saboda an yarda cewa duk wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa, ya ɗauka. Ba gaskiya ba ne, na faɗa har bakina ya gaji. Amma da zarar an san mutum da ita, an ware masa kwano da moɗa ke nan, kuma babu mai ba shi aure. Don haka kowa ɓoyewa yake, mu kuma muna ɗaure ƙuna muna sallama, bayan 'yan watanni a dawo mana da sabuwa.

Dogon Likita ne ya tura ni kudu in koyi gwajin ƙwaƙwalwa, a wani babban asibiti da aka kawo wa na'urar, don an ce ba da daɗewa ba za a kawo mana tamu. Wanda ya koya mini wani Bayarabe ne, Oga Ojo, mutum mai faɗa kamar zai ari baki. Da farko ko kusa da na'urar bai bar ni na je ba. Tef ɗin awo irin na tela ya ba ni da jan fensir, ya ce in yi ta auna kawunan masu shara da masu gadi. Daga karan hanci zuwa ƙeya, daga kunne zuwa kunne, ka raba, ka ɗiga alama. In ka kauce da faɗin yatsa, ka ɗora wa gefen hagu laifin gefen dama. A kan kowace alama za ka goge fata har ta yi tas, ka ɗora wani ɗan ƙarfe da aka naɗe da auduga aka jiƙa da ruwan gishiri, ka danne shi da ragar roba, sannan ka maƙala waya.

Ita na'urar kuwa ta kai girman akwatin lefe biyu a haɗe, kuma sai an kunna ta ta yi ɗumi kafin ta yarda ta yi aiki. Tana da alƙaluma a jere, kowane da 'yar rijiyar tawadarsa, takarda na gudu a ƙarƙashinsu tana ninke kanta. Abin da take yi ba tsafi ba ne. Ƙwaƙwalwa tana da wata 'yar wutar lantarki tata, ƙanƙanuwa ƙwarai, na'urar tana sauraren wannan wutar ne tana zana ta. In mai lafiya ya rufe ido, za ka ga zanen bayan kai ya jeru yana hawa yana sauka daidai. Ya buɗe ido, ya lafa. In akwai ƙari a gefe guda, zanen gefen yakan yi nauyi, ya riƙa jan ƙafa. Farfaɗiya kuma takan yi tsini, ta soki takarda ta wuce. Muna sa mutum ya yi ta jan dogon numfashi, muna haska masa fitila mai walƙiya a ido, duk don mu tsokano ta ta fito.

Wahalar ita ce na'urar ba ta san bambancin ƙwaƙwalwa da sauran tarkacen duniya ba. Gumi tana zanawa, tauna tana zanawa, ƙifta ido, fanka, har tafiyar wanda ya ratsa ɗaki da takalmin roba. Na taɓa kawo wa Oga Ojo takarda a guje, na ce na kama farfaɗiya. Ya duba, ya ce, "Je ka buɗe bakin mutumin." Na je na tarar goro yake ci. Ranar na sha zagi da yare uku.

Ga kuma kawunan mutanenmu. Mace za ta zo da sabon kitso an shafe shi da man shanu, don za ta ga likitan birni, sai ka ce a tsefe a wanke da sabulu, ta dube ka kamar ka zage ta. Wani ya zo da laya a ɗaure cikin suma, ya ce ko za a yanka shi ba za a cire ba. Wani dattijo da ya ga wayoyi a kansa sai ya yi kalmar shahada, ya ce in gaya wa 'ya'yansa ya yafe musu. Wani kuma ya ja ni gefe ya ce, "Tsakani da Allah, abin nan yana karanta abin da ke zuciyar mutum?" Na ce a'a. Ya ce to a sa.

Na dawo Bauchi da aiki a hannu, na'ura ba ta zo ba. Aka ce an sayo, aka ce tana bakin teku, aka ce ai wani gari aka kai ta. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Sai aikina ya koma rakiya: in likita ya rasa gane kan wani, ni zan ɗauke shi a babbar mota zuwa Jos, mu hau jirgin ƙasa zuwa kudu, in ɗaura masa wayoyi da hannuna, in dawo da shi da sakamako. Ba kowa ake yi wa haka ba, sai wanda aikinsa ya rataya a kan amsar.

A shekarar da aka samu mulkin kai, da bazara, sanƙarau ya shigo mana da ƙarfi. Gadaje suka cika, aka shimfiɗa tabarmi a baranda da gindin itatuwa. A tsakiyar wannan aka kawo Haruna, wani saurayi ɗan unguwar Ƙofar Ran, ma'aikaci a cikin masu haƙa wa gwamnati rijiyoyi. Shi ne mai shiga ƙasa, sauran suna sama suna jan guga. Shugaban leburorinsu ya ce sun tarar da shi kwance a bakin rami, goshi a fashe, babu wanda ya ga yadda aka yi. Da na wanke masa baki na ga gefen harshensa a tsage. Na nuna wa Dogon Likita, ya gyaɗa kai. Aka ce likita ya rubuta ɗayan biyu: Haruna zai iya komawa cikin rijiya, ko ba zai iya ba.

Haruna ya ce rana ce ta buge shi, kuma bai karya kumallo ba. Da likita ya fita sai ya riƙe mini hannu.

"Malam Bulus, ka san rijiya nawa na haƙa a ƙasar nan? In aka ce ina da abin nan, wa zai ƙara shan ruwansu? Cike su za a yi da ƙasa."

"In kana da shi ka shiga rami, kai za a cike," na ce masa.

"Wallahi ni ban san komai ba. Ina tsaye, sai na gan ni a kwance."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Mai farfaɗiya ba ya ganin faɗuwar kansa, shi ya sa a wannan ciwo shaidar wanda ya gani ta fi komai. Mutum ɗaya ke zaune da Haruna, mahaifiyarsa Inna Hansatu. Mahaifinsa ya rasu, ƙannensa mata duk suna gidajen aure. Likita ya ce a kira ta.

Ta zo, ta cire takalma a bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa ta ba gadon Haruna baya. Tun daga nan na san mun shiga uku, domin Haruna ɗan fari ne. Ku yaran yanzu da uwa ke kiran ɗan farinta a waya tana tambayarsa ko ya ci abinci, ba za ku gane ba. A lokacin, mace mai mutunci ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta kallonsa a gaban mutane, ba ta nuna ta san halin da yake ciki. Shi kansa Haruna a hannun kakarsa ya tashi, Adda yake kiran mahaifiyarsa, kamar wata yayarsa. Ga Bature, ga ni baƙon namiji, ga ɗan a kwance yana ji.

"Inna, likita ya ce ya taɓa faɗuwa irin haka a gida?"

"Allah ya sani."

"Ba gida ɗaya kuke ba?"

"Gidan dai ɗaya ne."

"To ba ki taɓa ganin jikinsa na karkarwa ba? Ko ya yi ƙara, ko ya jiƙa shimfiɗa?"

Ta ja mayafi ta rufe baki. "Malam, ni ban sa ido a kan wancan ba. Ku tambayi baffansa."

Na bayyana wa Dogon Likita al'adar. Ya fitar da kowa, ya sa aka kai ta wani ɗaki, aka samo mata mace ta tambaye ta. Amsar ba ta sake ba. Muka kira baffan, ya ce shi yaro lafiyayye ya sani, kuma duk wanda ya ce akwai farfaɗiya a zuriyarsu su haɗu gaban alƙali. Likita ya ce to, a kai shi kudu.

Ban taɓa ɗaura wa wani kai wayoyi da kulawa irin ta kan Haruna ba. Na sa wanzami ya yi masa ƙwal, na auna na sake aunawa, na kashe fanka muna ta gumi. Ya rufe ido, ya buɗe. Ya ja numfashi har yatsunsa suka ɗauki sanyi. Na haska masa fitila a hankali, na haska da sauri. Alƙaluma suna ta tafiya lafiya lau, ko tsini ɗaya babu. Oga Ojo ya juya takardar shafi-shafi, ya ture ta gefe.

"Ɓarawo bai zo ba lokacin da muke gadi, shi ke nan abin da takardar nan ta ce. Ba ta ce babu ɓarawo a gari ba. Wa ya ga faɗuwarsa?"

"Uwarsa, ina zato. Ta ƙi magana."

"To ai ƙoƙon kai ka kawo mini, ka baro baki a gida."

Wannan shi ne abin da mai ɗan gemun nan bai sani ba. Gwajin na ɗan lokaci ne, ciwon kuma yakan yi watanni yana barci. Mutum yana iya zama da farfaɗiya takardarsa ta fito fes. Likitan can ma haka ya rubuta: ba a ga komai ba, amma wannan bai kore ciwon ba, a nemi wanda ya gani. Haruna dai rabin farko ya ji. A jirgi da muke dawowa har rake ya saya mini, yana ta ba 'yan tarago labari cewa injin Turawa ya wanke shi.

Mun dawo mun tarar Dogon Likita ya ɗaure kayansa ya koma ƙasarsu, kamar yadda da yawansu suka yi a shekarar. An kawo wani sabon likita matashi daga kudu, shi kaɗai a kan marasa lafiyan da suka fi ƙarfin mutum uku. Na kai masa sakamako, na gaya masa batun harshe, na gaya masa zatona. Ya ce, "Marar lafiya ya ce babu. Danginsa sun ce babu. Na'ura ba ta ga komai ba. In raba mutum da abincinsa a kan zato?" Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Ya ce in na samo shaida zai sake dubawa.

Na tafi Ƙofar Ran da la'asar. Na yi sallama a zaure, Inna Hansatu ta fito ta tsaya a bayan ƙyaure. Na tabbatar Haruna ba ya nan kafin in buɗe baki.

"Inna, ni ɗanki ne, ba Bature a nan, ba kowa. Akwai ƙwayar da ke kwantar da ciwon nan. In kin faɗa, za a ba shi, a mayar da shi aikin sama. In ba ki faɗa ba, rami zai koma."

Can ta ce, "An ce injin ya ce lafiyarsa ƙalau."

"Injin bai ce haka ba."

"Shi dai haka ya gaya wa mutane." Sai ta sauya magana. "Ka sha ruwa, Malam?"

Na ce na ƙoshi. Na fito raina a ɓace, ina jin haushinta, ina jin haushin takardar da na ɗauko da hannuna ta zama mata mafaka.

Damina ta wuce, aka yi bikin mulkin kai, aka raba wa 'yan makaranta tutoci. Da ƙasa ta bushe masu rijiya suka koma aiki, aka tura su Haruna wajen Gubi, lokacin ƙauye ne kawai da gonaki. Wata safiya yana ƙasa, sun kai ga ruwa, na sama suka ji igiya ta yi wata irin girgiza, sannan ta tsaya. Suka yi ta kira. Kafin a samu mai ƙarfin halin sauka, aikin gama ya gama. Ruwan da ya ci shi bai kai gwiwa ba. Wasu suka ce iskar rami ce, wasu suka ce mutanen ɓoye. Aka kwashe ruwan, aka ƙarasa rijiyar, mutane suka ci gaba da sha. Na je gaisuwa. Aka ce mini Inna Hansatu ko hawaye ba ta yi ba a gaban mutane, mata suna ta yaba mata.

Bayan an yi sadakar arba'in, wata ranar aiki, ina kiran marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, sai na gan ta a kan benci cikin layi. Ta jira har aka zo kanta. Ta cire takalma, ta shiga ta zauna a ƙasa gaban sabon likita, wanda bai taɓa ganinta ba.

"Inna, me ke damun ki?" na tambaye ta.

"Ba ni da ciwo. An yi mini tambaya a asibitin nan ban amsa ba, ba na so in shiga kabari da ita. Ka juya masa yadda na faɗa, kada ka ƙara, kada ka rage."

Sai ta fara, idonta a kan siminti. Ta ce abin ya soma ne tun shekarar da aka dawo mata da shi daga hannun kakarsa. Yakan zo ne in ya gaji ko bai samu barci ba. Kafin ya zo, yaron yakan ɗaga hanci ya ce, "Adda, me ke ƙonewa?" alhali ba wuta a gidan. Daga nan sai ya ƙura ido wuri ɗaya, bakinsa na motsi kamar mai tauna, yatsunsa na tsinkar bakin riga. Sai wuyansa ya juya hagu, ya yi ƙara, ya sandare, ya faɗi. Ta ce da ta ji maganar ƙauri takan saka sakata, ta janye shi daga murhu, ta tara hannu a ƙarƙashin kansa. In ya lafa ta juya shi gefe, ta share masa yawu da bakin zaninta, ta wanke wandon ta shanya a cikin ɗaki don kada maƙwabta su gani. In ya farka ya tambaya, sai ta ce barci ne ya kwashe shi.

Komai da "yakan" take faɗinsa, kamar yana gida yana jiran ta, ni ma haka na juya. A duk shekarun da na yi ina tafinta ban taɓa jin bayanin ciwon nan da ya kai nata tsabta ba.

Likita ya ajiye alƙalami, fuskarsa ta washe, irin ta wanda aka kawo wa aiki mai sauƙi a ranar wahala. Ya ce, "Wannan ai ba ya bukatar wata na'ura. Farfaɗiya ce, kuma tana jin magani. Gaya mata ta yi ƙoƙari." Ya jawo kwalbar ƙwaya daga aljihun tebur. "Kada a bar shi kusa da wuta ko ruwa. A kawo mini shi yau. Yana ina?"

Na juya mata, ban ƙara ba, ban rage ba.

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gyara mayafinta.

"Malam Bulus, kai ka san inda yake. Ka gaya masa."

Ta ɗauki takalmanta a bakin ƙofa ta fita. Likita yana riƙe da kwalbar, yana kallona.